Kwamfutar da Ba Ta San Tukunya Ba

Makon jiya ɗaya daga cikinku ya ce mini, yana danna waya ko kai bai ɗago ba, wai rubuta barnamaj yanzu ba wani aiki ba ne: ka nemo wanda wani ya riga ya rubuta, ka kwafo, ka canza masa suna, shi ke nan. A lokacin na ci gaba da shan shayina, don yana hucewa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tunda kuma kun buɗe tsohon barnamaj ɗina na gonaki kuna dariyar wani gurbi da na sa wa suna "tukunya", to ku gyara zama in ba ku labarinsa. Barnamaj muke cewa a nan Gadarif, 'yan uwanmu na Najeriya na ji su a rediyo suna cewa manhaja. Abu ɗaya ne: umarnin da kake jera wa kwamfuta, ita kuma ta bi shi ba ƙari ba ragi.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan ko inji ban taɓa ba. Malaminmu Ustaz Bashir yana da ɗaki a saman wani shagon kayan tarakta a kasuwa, kwamfuta uku, ɗalibai goma sha huɗu, wuta kuwa sai sa'ad da ta ga dama take zuwa. Ya jera mini duwatsu goma a kan tebur, ya ce in rubuta a takarda yadda za a jera su daga babba zuwa ƙarami. Na rubuta cikin minti biyar ina jin kaina. Sai ya karɓi takardar ya ce yanzu ni ne injin, shi zai karanta, ni in aikata abin da na rubuta kawai. Duwatsun suka jeru tsaf, amma na manta ban rubuta inda za a tsaya ba. Haka ya bar ni ina ɗaga dutse ina ajiyewa, ina komawa farko, sauran ɗalibai suna ta ƙyaƙyata dariya, har aka kira azahar. Daga ranar ban sake rubuta wani abu ba tare da na fara tambayar kaina ta ina zai ƙare ba.

Kayan aikinmu da kun gan su da kun tausaya mana, mu kuwa ji muke yi da su. Faifan ajiya a gwangwanin biskit muke sa shi, mu naɗe da tsumma saboda zafi. Firinta idan ta fara bugu har masu shagon ƙasa sun san ana aiki, kirtaninta kuma in ya bushe da tawadar hatimi muke farfaɗo da shi. Wani mai gyaran rediyo ya haɗa mana baturan lori biyu da ke riƙe inji na rabin awa bayan an ɗauke wuta, tela kuma ya ɗinka wa kowace kwamfuta riga. Shekarun takunkumi ne, abin waje ba ya shigowa ta daɗi. Littafi ɗaya muke da shi, kwafin kwafi ne, kuma shafuka kusan ashirin na tsakiyarsa babu su. Idan muka yi ƙorafi sai Ustaz Bashir ya ce ai wanda ya rubuta shafukan nan kai ɗaya gare shi kamar namu, mu zauna mu yi tunanin abin da ya kamata a ce yana ciki.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Akwai wanda ke son kwamfuta don baƙi su ganta a ofis, akwai mai kantin magani da ke son ya san abin da ya kusa lalacewa a kan kanta. Amma wanda ya mayar da ni mai sana'a shi ne Alhaji Ɗahiru, Bahaushe manomin riɗi, mai manyan gonaki uku a Fashaga da biyu a Ƙala'an Nahal. Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku san halin riɗi ba. Dawa tana jiran mai ita, riɗi ba ya jira. Idan ganyensa ya yi ɗorawa ya fara zuba, 'yan kwanaki kake da su ka yanke shi, ka ɗaure dami-dami, ka jingina shi a tsaye ya bushe. Ka makara, kwanson ya tsage da kansa, ƙwayar ta zube ƙasa, kuma babu mai iya tsince ta daga baƙar ƙasar nan tamu mai tsaguwa.

Abin da ya fara nema a wurina mai sauƙi ne. Wakilansa na gonaki suna aiko da ranar shuka da ranakun da aka yi ruwa, ni kuma na rubuta masa barnamaj da ke faɗin wace gona za ta riga nuna, wace za ta biyo. Shekarar farko bai kuskure ba sai da kwana ɗaya ko biyu. Alhaji ya riƙa kawo abokansa ofis yana nuna musu takardar, ni kuma kaina ya kumbura. Da damina ta zagayo, ni da bakina na ce masa zan ƙara wani abu. Na lura yadda ake ɗibar 'yan ƙwadago a kasuwa: wata lori ta tafi maƙil, wata rabi, gonar da ke neman mutum sittin ta samu talatin. Na ce a ba ni sunayen mutanen kawai, inji zai raba su daidai da faɗin kowace gona da kwanakin da suka rage mata. Babu wanda ya roƙe ni wannan aikin.

Na yi shi kuwa, ya yi kyau. Har yau in na tuna tsarinsa sai in ji daɗi, don babu layin banza a ciki. Na gwada shi da sunayen ƙarya sau ba adadi, kowace lori tana cika cif, ba saura ba gibi.

Shekarar ta zo da wuya. Ana kamen samari a tashoshin mota don aikin soja na dole, da yawa suka ƙi fitowa daga ƙauyuka, hannun yanka ya yi ƙaranci, manoma suna rububin wanda ya samu. Duk da haka wakilin Alhaji ya tara mana mutum ɗari da talatin da wani abu. Da safe bayan an sha shayi na hau matakin lori da takardata, na fara kiran suna. A cikin mutanen akwai wani dattijo, Baba Idi, wanda iyayensa suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji yana goye, tafiyar ta tsaya musu a nan, shi kuma ya tsufa yana yankan riɗi. Sunansa ya faɗo a lori ta farko, ya hau. Da na kai lori ta uku sai na ga ya sauko, ya matso kusa da ni, ya tambaye ni cikin ladabi ko za a iya taɓa takardar nan, don an kai shida daga mutanensa wasu motocin.

Na ce masa, "Baba, inji ya riga ya raba. In na taɓa ɗaya, duka zai rushe."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Kwayyis, ɗana," wato to, babu laifi. Ya koma ya ɗauko laujensa da jakarsa. Ba hayaniya, ba zagi. Sai na ga mutane suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman nasa, suna taruwa gungu-gungu. Kafin rabin awa yawancinsu sun hau motocin wani manomi da ke tsaye a gefe yana kallonmu. Aka bar ni a kan mataki da takarda mai kyau da mutum ashirin.

Kwana biyar aka yi ana haɗa wasu daga nan da can. Gonaki biyu na Fashaga aka same su da kyar, ta ukun mai nisa ba a kai gare ta a kan lokaci ba. A rana ta shida Alhaji ya ce in shiga mota. Muka nufi gonar nan ta uku. Muka isa da rana tsaka, ya shiga da ni tsakiyar gonar, ya ce in yi shiru in saurara. Da farko ban ji komai ba. Can sai na fara jin wata 'yar ƙara ta ko'ina, tas, tas, tas, kwanson riɗi ne ke tsagewa a cikin zafin rana. Na dubi ƙasa, ta yi fari, tururuwa suna ta jida. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce injina da kansa ya faɗa cewa gonakin Ƙala'an Nahal saura kwana shida su nuna, kuma su ne abin da ya rage masa a bana. "Haruna," in ji shi, "ko ka gyara, ko ka faɗa mini yau in san abin yi. In waɗancan ma suka zube, ba ni kaɗai zan ji a jikina ba, gida arba'in ke ci daga gonakin nan."

Washegari na shiga neman Baba Idi. Na same su a bayan kasuwar hatsi ƙarƙashin wata darbejiya, sun dawo daga yankan wancan manomin, ana tuƙa asida, tuwonmu na nan, a wata baƙar tukunya mai kunne ɗaya. Na yi sallama na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce a ci abinci tukuna. Na sa hannu muka ci da miyar busasshen kifi. Da aka gama sai ya fara nuna mini mutanensa da ɗan yatsa. Wannan shi ke girki, yana barin gona kafin kowa. Wannan shi ke ɗebo ruwa. Wancan tun da maciji ya sare shi ba ya sauri da lauje, amma a ɗaurin dami babu kamarsa. In zazzaɓi ya kayar da ɗaya, sauran su raba layinsa su yanke, ba a rage masa komai. In kuwa ta Allah ta kasance a can daji, su za su yi masa wanka, su za su kai wa uwarsa labari da jakarsa.

"Kai kawuna ka ƙirga, ya ustaz," in ji shi. "Mu ba a ɗaukar mu da kai. Da tukunya ake ɗaukar mu. Ka raba mutum da tukunyarsa ka kai shi Fashaga, in ya faɗi wa zai ɗaga shi?"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san wannan. A Gadarif aka haife ni, mahaifina ma ya ci daga irin tukunyar nan kafin ya samu rumfa a kasuwa. Na sani sarai, amma ban taɓa ɗauka cewa irin wannan sanin yana shiga inji ba. A ganina abin da ke littafin Ustaz Bashir shi ne ilimi, abin da ke ƙarƙashin darbejiya kuwa hira ce.

Na koma ofis na goge gurbin suna na sa gurbin tukunya. A nan ne aikin ya nuna mini haƙoransa. Mutum ɗaya-ɗaya yana da sauƙin rabawa, ko'ina ka sa shi ya shiga. Tukunya kuwa ba ta rabuwa, kuma ba girmansu ɗaya ba. Baba Idi ya aika wa shugabannin sauran, aka kawo mini tukwane goma sha huɗu, daga mai mutum biyar har mai goma sha bakwai, ga kuma zango huɗu a gonakin biyu, kowanne da adadin da yake bukata. Dabarar da ta fara zo mini ita ce ta rago: in sa inji ya gwada kowace irin haɗuwa ya zaɓi mafi kyau. Na kunna shi da hantsi. Yana ta juyawa har aka ɗauke wuta, baturan lori suka ƙare, bai ko kusa gamawa ba. Na lissafa a takarda na ga ko wata guda na ba shi ba zai gama ba. Kwana biyu sun tafi.

A rana ta uku na sauko in sha shayi don kaina ya ɗauki zafi. Gaban mai shayin 'yan dako suna loda wata lori mai zuwa ƙauye: ganguna, buhuna, kwalaye, har da ƙofar ƙarfe. Na zauna ina kallon shugabansu ba don komai ba. Sai na lura kullum abu mafi girma yake fara nunawa, a kai shi inda fili ya fi yawa. Ƙanana sai a ƙarshe, a cusa su a gibi. Da aka gama ya ja da baya ya duba, ya sa aka musanya buhu biyu da kwali ɗaya, ya buga jikin motar ya ce a tafi. Na tambaye shi me ya sa yake farawa da manya. Ya kalle ni kamar wanda bai karya ba, ya ce in ya fara da kwali, ganga a kansa zai ɗora ta?

Ban ƙarasa shayin ba. Layi arba'in ne kacal. A jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, wato duwatsun Ustaz Bashir. A ɗauki mafi girma a ba zangon da ya fi kowanne gibi, a sake duba gibin, a ɗauki ta gaba. In an gama, a gwada musanya biyu-biyu, duk musanyar da ta rage gibi a bar ta. In an zagaya ba a samu wadda ta rage ba, a tsaya. Wannan karon ban manta da tsayawa ba. Na danna, kafin in gyara zama firinta ta fara ƙara. Rabon bai cika cif ba: wani zango ya haura da mutum biyu, wani ya gaza da uku. Harunan makon jiya da ya ce aikin bai yi ba. Ni kuwa na naɗe takardar na nufi darbejiya.

Baba Idi ba ya karatun boko, sai na karanta masa, aka kuma sake sa ni cin asida. Ya gyara mini abu biyu. Na farko, akwai tukwane biyu da ba a haɗa su zango ɗaya, tun wata rigima da suka yi bara a kan gangar ruwa. Wannan mai sauƙi ne, layi uku. Na biyu, akwai mutum tara da suka zo su kaɗai, ba su da tukunya. Na ce sai in sa inji ya cusa su inda gibi yake, kamar kwalaye. Ya girgiza kai, ya ce ba a cusa wa mutane baƙo a kwano, su ne za su dube shi su ce ya zo. Na yi tunani na ga babu lissafin da zai san wa zai karɓi wa. Sai na sa barnamaj ya ware su a ƙasan takarda, ya buga a gabansu: a tambayi Baba Idi. Wannan ma na ji kuna yi masa dariya, har wata a cikinku ta ce a goge shi tunda ba ya yin komai. A duk abin da na rubuta a rayuwata, da wuya in akwai layin da ya fi shi aiki.

Bayan shekaru, da aka fara samun intanet, na ci karo da cikakken littafin nan namu. Na buɗe shafukan da suka ɓata, sai ga dabarar shugaban 'yan dako a zaune, da dogon suna da zane-zane. Na yi dariya ni kaɗai. Da shafukan suna nan da na kwafo ta, gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne. Amma babu shafin da zai faɗa mini cewa tukunya zan ƙirga. Abin da nake so ku gane ke nan. Kwafowa kowa ya iya. Sanin abin da za ka sa a gurbin farko, da sanin inda za ka ce wa inji ya yi shiru a tambayi mutum, wannan ba a kwafo shi, sai ka sauko daga bene.

Ranar tafiya ta zo, saura kwana ɗaya riɗin ya nuna. Fili ya cika, don maganar Baba Idi ta dawo da waɗanda suka guje mu. Alhaji yana tsaye a gefe da carbinsa. Na hau matakin lori, na ɗaga murya: "Tukunyar Baba Idi, mutum goma sha ɗaya, lori ta farko."

Babu wanda ya motsa. Na dubi Baba Idi, yana tsaye ya dogara da jikin motar.

"Takardarka ba daidai ba ce, ɗana," in ji shi. "Sha biyu ne."

Na ƙirga su da ido, goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. Sai ya sa hannu a jaka ya zaro wani tsohon lauje ya miƙo mini.

"Sau biyu ka ci da mu. A wurinmu wanda ya ci, yana yanka."

Fili ya ɗauki dariya, har Alhaji sai da ya juya baya yana goge ido. Na gama kiran tukwane goma sha ukun da suka rage, kowacce ta hau motarta ba gardama, Baba Idi ya zagaya da mutum taran nan har kowa ya samu kwano. Sannan na miƙa wa wakili takardar, na naɗe ƙafar wando, na hau bayan lori ta farko.

Kwana huɗu muka yi a Ƙala'an Nahal. A duk zangon babu wanda ya kai ni rashin iya yanka. Mutumin da maciji ya sara, shi ya riƙa bin bayana yana sake ɗaure damina. A rana ta uku tafin hannuna ya fashe, na kasa riƙe lauje, na zauna a gindin wata bishiyar ƙaya ina jin kunya. Da na ɗaga kai sai na ga layina yana raguwa: mutum uku sun raba shi, ko kallona ba su yi ba. Riɗin gonakin biyu ya tsaya a dami gaba ɗaya, ba mu ji ƙarar kwanso ko ɗaya ba.

Baba Idi ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, tukunyar kuma ta watse. Amma in kun koma kan injin, ku buɗe gurbin nan da kuke wa dariya, ku duba layi na farko. Ranar da na dawo gari, da hannu naɗe da tsumma, na goge goma sha ɗaya na rubuta goma sha biyu. Kada wanda ya taɓa mini shi.